Tsohon filin kamfani a gindin tudun rairayi: a cike kwarin a noma?

Tambaya: Assalamu alaikum. A bayan garinmu, a yankin Birniwa ta Jigawa, akwai filin da wani kamfanin gyaran hanya ya yi sansani, ya tashi ya bari da daɗewa. Filin yana gindin tudun rairayi. Bana ruwa ya yanka kwari ta gefensa, sai ga tsofaffin gangunan ƙarfe da baƙar ƙasa mai warin mai. Ɗana da ke karatu a Ingila ya ce haka teku ke yi wa tsofaffin filayen masana'antu a can. Gaskiya ne? Kuma za mu iya zuba ɓaraguzai mu cike kwarin mu noma wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Yaronka ya faɗi gaskiya, Malam. A Formby, arewa da Liverpool, teku na cin tudun rairayin gaɓa kimanin mita 4 a shekara, kuma dusar taba da aka jibge a bayan tudun tsakanin shekarun 1950 da 1970 yanzu tana zubowa bakin ruwa. A gaɓar Durham kuwa, mahaƙan kwal sun daɗe suna juye tarkacensu a bakin teku. Bayan an rufe mahaƙar Easington a 1993, sai da aka yi aikin share gaɓar daga 1997 zuwa 2002, aka kwashe tarkace tan miliyan 1.3. Waɗanda suka binne kayan nan sun ɗauka rairayi zai zauna inda suka bar shi, alhali rairayi tafiya yake.

Amma akwai bambancin da ya kamata ku riƙe. Tudun gaɓar teku yana da mai ciyar da shi: guguwa ta kwashe yashi, igiyar ruwa ta dawo da shi in an samu lafawa, iska ta hura shi sama, ciyawa ta kama. Ɓarna tana tsananta ne idan aka datse wannan zagaye, kamar yadda ta faru a Legas, inda katangun duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 suka tare yashin da ke tahowa daga yamma, gaɓar da ake kira Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekara da shekaru. Tuddanmu na arewacin Jigawa ba su da wannan gatan. Tsofaffi ne, iska ta tara su tun dubban shekaru, lokacin da ƙasar ta fi haka bushewa, saiwar tsirrai ce kawai ke riƙe da su. Abin da ruwa ya ɗauka bana, ba mai dawo muku da shi baɗi.

Ina kyautata zaton filin da kansa ne ya haifi kwarin. Inda manyan motoci suka daddanne, ko aka malala siminti da kwalta, ruwa ba ya nutsewa. Sai ya taru ya gangaro ta hanya ɗaya da ƙarfi, ya tarar da rairayi mai laushi a gefe, ya yanka. Shi ya sa ban goyi bayan zuba ɓaraguzai ba. Ruwan zai kewaye su, ya rarake ƙarƙashinsu, ku wayi gari da kwari biyu. A Formby ma ɓaraguzan tsohon barikin soja da aka shimfiɗa don ajiye motoci sun zama abin da aka yi ta fama da shi a bakin ruwa.

Ku fara daga sama, inda ruwan ke tasowa. A fasa ƙasar da ta daskare, a karkatar da ruwan ya bazu. A cikin kwarin a jera ƙananan shingaye na buhunan ƙasa da turaku da kara, kusa da kusa, maimakon babba guda ɗaya. A dasa jema da gamba layi-layi a gicciye. Sabara da kargo da kaba da suka fito da kansu, a ƙyale su. In kuma tifa na ɗibar yashi a gindin tudun, duk wannan wahalar banza ce sai an hana, kuma wannan maganar dagaci ce da masu unguwa.

Batun noma kuwa, a dakata. Kwalta da ta daskare ba ta cika yawo ba. Baƙin mai da man gas da dalmar tsofaffin batura su ne abin tsoro, domin rairayi ba ya tare ruwa, yakan wuce da su har rijiya. Mun ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Kada a ɗebi ruwa ko a zuba hatsi a gangunan nan, a kuma hana yara wasa a wurin. Ku kai rahoto ma'aikatar muhalli ta jiha, ku nemi a auna ƙasar a sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya da ke Dutse. Kafin sakamako ya fito, ban da gyaɗa, rogo, dankali da ganyen miya. Darbejiya don inuwa da azara ba laifi. Idan akwai rijiya a gangaren filin, ruwanta za a fara kaiwa awo, kafin ƙasar.