Sandar giya na karkarwa a tsohuwar BMW: amsa ga ƙanenmu mai E36

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma.  Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya turo tambaya a kan motarsa, BMW E36 mai ƙofa biyu, 328i ƙirar 1996, manuwal. Ya ce sandar giya tana karkarwa a hannunsa, musamman in ya tashi daga tsaye ya taka totur, kuma wani ya ce masa giyabos ne ya mutu, ya je ya nemo na Beljiyam.

To ƙanena, kada ka sayi komai tukuna. Giyabos ɗin da ke cikin 328i na ZF ne mai giya biyar, irin wanda aka sa wa M3 ma, kuma ƙarfe ne mai jure wahala. In ya fara mutuwa, kuka yake yi, ko giya ta riƙa fita da kanta, ko ta ƙi shiga. Karkarwa kawai ba alamarsa ba ce a yawancin lokuta. Sandar nan 'yar aike ce, saƙo take kawo maka daga ƙasa. Aikinmu shi ne mu gano wa ya aiko ta.

Ka fara sanin wani abu. Motarka da tayoyin baya take ja, giyabos yana kwance a ƙarƙashin hannunka na dama kai tsaye, kuma hannun da ke riƙe da sandar a jikinsa aka ɗaure shi. Ba kamar Corolla manuwal ba, da waya ce ke haɗa sanda da giyabos, ba ka jin komai. Saboda haka 'yar rawa kaɗan in mota tana silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, wannan halinta ne tun daga kamfani. Wadda ake damuwa da ita ita ce wadda ta ƙaru, ko take zuwa da ƙara, ko kake ji har a kujera.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Ka ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka sa firi, ka tayar da inji ya ɗumama. Ɗora hannu a kan sandar, ka riƙa taka totur a hankali, daga silo har allura ta kai wajen 3000. In karkarwar tana nan alhali mota ba ta tafiya, to ka cire farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, da tayoyi daga lissafi, domin ba sa juyawa. Sai mu koma kan inji da abin da ya zauna a kai. Wato injin sit guda biyu da giya sit guda biyu. Injin sit na motar nan mai ruwa ne a ciki; in ya tsufa yakan tsage, ruwan ya tsiyaye, inji ya zauna ƙasa, duk girgizarsa ta wuce jikin mota. Ka leƙa da tocila, in ka ga baƙin danshi a jikinsa ko ya lotse, ya gama aiki. Wata alamar kuma, kana tafiya a lamba biyu, ka taka totur ka saki, ka taka ka saki. In sandar tana sunkuyawa gaba tana dawowa baya da kanta, sit-sit ɗin nan ne.

Kafin ka ɗora wa sit laifi ma, ka saurari injin kansa. Injin M52 silinda shida ne a jere, in yana lafiya santsi gare shi. In fulogi ɗaya ko kwayil ɗaya ba ya wuta, dole komai ya girgiza. A motocin nan gasket ɗin murfin sama yakan saki baƙin mai ya cika ramin fulogi, ka sa a cire kwayil a duba. Ka dubi fankar gaba ita ma, in fiffike ɗaya ya karye za ta riƙa kaɗa injin, kuma wannan a cire ta da wuri kafin ta fasa lagireto.

Har yanzu kana tsaye, ka taka kuloci ka saki. In kana jin kacau-kacau a silo, da ka taka kuloci ya yi shiru, to zargi ya koma kan fulawil, domin nata mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani, ko kuma boris ɗin shigar giyabos. In kuma sai ka taka ne kukan yake zuwa, boris ɗin kuloci ne. Nan ne kaɗai maganar sauke giyabos take shigowa, kuma ko a nan ma saukewa ce, ba sauyawa ba.

Amma ni yadda ka kwatanta, cewa sai ka tashi daga tsaye ka ba ta wuta take yi, zuciyata ta fi karkata ga farfela. Bari in daɗe a nan kaɗan. Farfelar E36 gida biyu ce. A bakinta na gaba, inda ta haɗu da giyabos, akwai wata baƙar roba zagayayya mai kauri da ƙusoshi shida, masu BMW suna ce mata gibo, mu dai robar farfela muke cewa. A tsakiya kuma akwai santa boris, wanda shi ma roba ce ke riƙe da shi a jikin bodi. Robar nan ita ke shanye duk fizgar da inji yake yi kafin ta kai baya, kuma tana zaune ne dab da ƙasan sandar giya. In ta tsattsage, hannunka ne zai fara sani. Santa boris kuwa in robarsa ta yage, da ka tashi a lamba ɗaya ko biyu za ka ji duf-duf-duf a ƙarƙashin kujera, kamar ana dukan ƙasan motar, in gudu ya ƙaru sai ya lafa.

Ga yadda za ka raba gardama a kan titi. Ka samu hanya mai kyau mara cunkoso, ka kai gudun da karkarwar ta fi ƙarfi, sai ka taka kuloci ka bar inji ya sauko silo mota tana gangarawa. In rawar ta ɗauke nan take, tana bin inji ne ko nauyin ja. In tana nan daram, tana bin gudun mota, wato farfela ko taya. In kuma sitiyari ne ya fi rawa a wajen gudun 100, je ka yi balansin, ka duba ko rim ya lanƙwashe a rami, ka bar farfela ta huta.

Daga nan sai a hau rami. Don Allah a rami ko a lif, kada wani ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Za a iya hango robar da tocila, amma in za a yi aikin sai an sauke salansa da farantin da ke tare zafi. Ka tsaya a wurin da kanka, ka tabbata an yi abu uku. A sa alama da fenti a kan ɓarin farfela biyu kafin a raba su, domin tare aka yi musu balansin a kamfani, in aka mayar a karkace za ka fita da rawar da ta fi ta da. Kibiyoyin da ke jikin sabuwar robar su kalli kunnuwan ƙarfen da ake ɗaure ta a kai. Sannan santa boris, kafin a ɗaure shi, a ɗan tura shi gaba kamar milimita 4 zuwa 6. Da yawa ba sa yi, shi ya sa sabo yake yagewa da wuri. Notocin ma a sa sababbi, masu kulle kansu ne. In an sauke, a murɗa joyin ɗin farfelar da hannu. In yana cijewa ko yana da lasha, to farfelar ce gaba ɗaya za a nema, domin nata ba a yi shi don a riƙa sauyawa ba.

Tunda an riga an buɗe wurin, asara ce a rufe ba a gyara ita sandar ba. Akwai bushin biyu a gaban hannun da ke riƙe ta, ɗaya a baya, da wani kofin roba da ƙwallon sandar ke zama a ciki, da wasu ƙananan washa rawaya a kan ƙarfen da ke tura giya. Duk ƙananan kaya ne masu araha, kuma mota mai shekarun taka da wuya su kasance da rai. Su ne ke sa sanda ta yi lakwa-lakwa tana zuzz in allura ta hau. Ka sa a duba sil ɗin da ke bayan giyabos, inda ƙarfen zaɓen giya yake shiga. In yana yoyo, man yana zuba kan bushin da robar farfela, ya ruɓar da su, ka sa sabo yau gobe ya koma. Wajen ƙara man giya kuma, a karanta 'yar takardar da ke manne a jikin giyabos, domin wasunsu ATF suke sha, wato man giyar otomatik, ba mai kaurin nan ba.

Af, na tuna. Motocin nan samari masu wasan juya mota suna son su sosai. In daga hannun irinsu ka saya, ka duba ko an sa mata gajeriyar sanda ko sit masu tauri. Sandar asali tana da roba a cikinta da ke kashe girgiza, waɗancan ba su da ita. In haka ne ba abin da ya lalace, an zaɓi haka ne, kai kuma in ba ka so sai ka mayar da na asali.

Maganar kaya, robar farfela da sit kada ka sayi na Beljiyam, roba ce, shekarunta ɗaya da wadda ka cire. Ka nemi sabuwa ta kirki irin su Lemförder, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ba ka samu ba a aiko maka daga kasuwar Ladipo ta Legas. Kuma in an leƙa an ga zare yana fitowa daga jikin robar, ka ajiye motar har a sauya, domin in ta tsinke kana gudu farfela za ta daki ƙasan bodi ta karya maka ƙarafan giya.

Ka yi gwajin nan biyu, na tsaye da na titi, ka ɗauko mana bidiyon sandar da allurar inji tare, sai ka turo nan mu gani. Na barku lafiya, ana kirana.