Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa Niyok: tsofaffin gidajen fiza da maganar banɗaki

Salam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina sai yanzu na samu zama. Ina tayaka murnar samun gurbin karatu, Allah ya sa albarka ya kawo mana kai lafiya. Kace ka ga wani bidiyo inda wani baƙar fata ya shiga tsohon gidan fiza anan Niyok, ya sayi abinci da kuɗinsa, da ya nemi banɗaki akace masa babu, shine kake tambaya wai wariya ce ko kuwa doka ce bata tilasta musu ba, tunda kai kana da lalurar yawan fitsari abin ya tsaya maka a rai. Wallahi sai da nayi dariya, ba wai don tambayar shirme bace, a'a, kowa biza da kuɗin haya da sanyi yake tambayata, kai kaɗai ka tambayi abinda zai dameka tun satin farko.

Wariya akwaita a ƙasar nan, bazan ɓoye maka ba. Amma ita wannan maganar yawanci ba ita bace, ko bature jajur ne ya shiga irin shagon nan amsar da zai samu kenan. Ƙa'idar hukumar lafiya ta birnin ita ce: gidan abincin da yake da kujera 20 ko fiye, kuma aka buɗe shi bayan 1977, dole ya tanadi banɗaki na kwastoma. Wanda kujerunsa basu kai 20 ba babu tilas akansa, haka wanda ya riga waccan shekarar. To kaga tsohon gidan fiza na unguwa ta ko'ina ya tsira, ga tsufa ga ƙanƙanta. Kuma wannan dokar birnin Niyok ce kawai, a Amurka kowace jiha da kowane gari da nasu tsarin, kar ka tsallaka jihar New Jersey da ke maƙwabtaka damu kana kafa hujja da ita.

Sai ka ga shagunan da idonka zaka gane. Italiyawa ne suka kawo sana'ar, yawanci mutanen kudancin Italiya wajen Napoli. Lombardi's da ake cewa shine na farko a ƙasar a 1905 aka fara buɗe shi, Totonno's na Coney Island 1924, John's na titin Bleecker 1929, Patsy's na gabashin Harlem 1933, irin masu gashi da tanderun kwal ɗin nan da gefen fizar ke fitowa da ɗan ƙauri. Amma waɗannan manya ne, sunyi suna, har 'yan yawon buɗe ido ke musu layi, ba su nake nufi ba. Ina nufin na kwanar titi wanda ko sunansa baka riƙewa, shago siriri kamar lungu, kanta da gilashi, tanderu a baya, tebur uku ko huɗu, wani ma sai dai katako a jikin bango ka tsaya a tsaye ka ci. Hoton kakan mai shagon ya dishe a bango. Ana miƙo maka yanka ɗaya a farantin takarda ka ninke shi biyu ka ci ka kama gabanka, minti biyar an gama. Ka ɗauke shi kamar mai shayi ko mai tsire a gida, waye ya taɓa cewa mai tsire ina banɗakinka? Bambancin kawai mu can akwai masallaci a kowane layi, ga buta ga makewayi, in ta ƙure ka yi sallama a gidan mutane ko ka tsaya gidan mai. Nan babu wannan, kuma anan ne baƙo ke shan wuya.

Bari in baka nawa labarin. Sanyina na farko a Bronx, wani yanki na birnin nan, kasan sanyi yana ƙara wa mutum fitsari, ni ban sani ba sai da na zo. Na shiga wani shago kusa da inda nake haya, na sayi yanka biyu da lemo, dama dabara ce nayi don in samu bakin tambaya. Ina tambaya mutumin ko ɗago kai baiyi ba, ya nuna min wata takarda da aka manna da salatif, wai babu na kwastoma. Raina ya ɓaci sosai, na fita ina ta masifa da Hausa, na rantse bazan sake taka shagon ba. Amma talauci baya riƙe rantsuwa, shine abinci mafi arha a layin, bayan sati na dawo. A hankali muka saba, in na shigo in gaishe shi yadda muka saba a gida, in tambayi iyali, da farko kallon mamaki yake min daga baya shi yake fara gaisheni. Wata rana ya ganni ina ta mutsu-mutsu, kawai ya ɗaga katakon kantar yace bi nan ka sauka ƙasa, ka kula da kanka. Ƙanina, da na ga matakalar sai na yafe masa. Tsaye take kamar tsani, ga duhu, ga buhunan fulawa da gwangwanayen tumatir ta ko'ina, banɗakin can ƙurya kuma sai ka ratsa ta gaban tanderu. Na ma'aikata ne, shi wannan dole ne kowane shago ya samu. Amma ba'a yarda kwastoma ya riƙa ratsa inda ake haɗa abinci ba, in mai duba tsafta ya shigo ya gani matsala ce, su kuwa takardar makin tsaftar nan ta A ko B ko C da ake manna musu a ƙofa tun 2010 kamar ransu take. In kuma ka faɗi ka karye, ƙasar nan kowa lauya yake nema. To mutumin ba mugunta yake ba, tsoro yake.

Ni dai ra'ayina, laifin ba na mai fiza bane, na birnin ne. Mutum sama da miliyan 8 amma banɗakin gwamnati sai ka sha tafiya kafin ka samu ɗaya, sai aka bar ɗawainiyar a wuyan masu shaguna. A da shagunan kofi na Starbucks ne ke rufa wa mutane asiri. A 2018 an kama wasu baƙaƙen fata biyu a shagonsu na Philadelphia suna zaune basu sayi komai ba, abin ya zama babban surutu, kamfanin yace daga yanzu kowa ya shigo ko bai saya ba. A watan Janairun 2025 suka janye, yanzu sai ka saya. Wurare da yawa ma ƙofar da lambobi take, sai ka karɓi rasit ko ka tambayi na kanta ya faɗa maka.

Tunda kace lalura ce, ga abinda ya shafeka kai tsaye. Jihar Niyok tayi doka a 2017 saboda masu ciwon hanji da duk wata cutar da ke sa mutum buƙatar banɗaki nan take, tace shagon da yake da na ma'aikata ya bar irin wannan mutumin ya shiga, amma da sharuɗɗa, kamar ace babu wani na jama'a a kusa kuma shigar babu haɗari. Don haka ka taho da takardar likita da Turanci, ka ɗauki hotonta a waya. Gaskiya dai yaron da ke kanta ba lallai ya taɓa jin dokar ba, kuma mai matsuwa bashi da lokacin gardama, sauƙin kai da murmushi sun fi buɗe ƙofa. Akwai kuma dokar da ta fara aiki a 2022 ta masu kai abinci a keke, wadda tace gidan abincin da suka je ɗaukar oda ya barsu su kewaya, 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma da yawa sana'arsu kenan kuma sun ga tasku kafin nan. Kai wannan bata shafeka ba, bizar karatu bata yarda da wannan aikin ba, duk wanda yace maka kayi a ɓoye ba masoyinka bane.

Abu ɗaya don Allah, komai matsuwa kar ka juya wa titi baya ka fuskanci bango. Ɗan sanda zai rubuta maka takardar sammaci, kai kuma baƙo mai biza ba ka son sunanka ya shiga kowane littafi nasu.

Abinda muke yi shine haddace hanya. Kafin ka fita daga makaranta ka kewaya ko baka ji ba. Laburaren gwamnati kyauta ne, kusan kowace unguwa akwai reshe, ba mai tambayarka komai. Manyan tashoshi irin Grand Central da Penn Station akwai, na wurin shaƙatawa na Bryant Park ma har suna yayi saboda tsafta. Na cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kar ka dogara dasu, tashoshi kaɗan ne ke da shi. Sai masallatai, a Bronx da Harlem wajen titi na 116 suna da yawa, anan kaɗai zaka ga buta a ajiye ranka yayi sanyi. In zaka tambaya kace restroom ko bathroom, haka suke faɗa.

Af, kafin in manta tunda maganar fiza ake. Jan naman nan mai zagaye da suke jerawa a kai, pepperoni, yawanci da naman alade ake yinsa, haka sosej ɗinsu. Kace a baka na cuku zalla, kuma ka lura wuƙa ɗaya suke yanka duka da ita, in abin na damunka akwai shagunan halal da yawa yanzu, zan nuna maka.

Ka sako ƙaramar buta ta roba a jakarka, ko ka saba da yawo da gorar ruwa, don nan takarda kawai zaka tarar. Ka turo min ranar da jirginku zai sauka da sunan filin jirgin, in ina aiki zan sa wani ya ɗauko ka. Ka gaida su Hajiya, kuma in da hali a sako min yaji da kuka.