Ranar da na sa rigar Gana a Abuja

Malam, na ga tambayar da ka ajiye a ƙarƙashin hotona: wai yaya Bahaushe zai taso tun daga Kumasi ya zo Abuja yana yi wa Gana tafi ana kara da Najeriya? Ka kuma ƙara da cewa mu 'yan zango, mazauna unguwannin Hausawa a Gana, suna kawai ya rage mana, tunda muna auratayya da Asante. Wannan ta biyun ce ta sa na zauna rubutu.

Wasan farko na neman gurbin gasar cin kofin duniya ta Katar a gidanmu Kumasi aka yi, ranar 25 ga Maris, 2022, aka tashi babu ci. Ko ka san sunan filin? Baba Yara. Sake karanta sunan da kyau, ka ji ko baƙo ne a kunnenka. Ɗan wasan Asante Kotoko ne da Gana take alfahari da shi har yau. Mohammed Kudus kuwa a Nima ya taso, unguwar Accra da za ka wuni cikinta da Hausa ba ka nemi tafinta ba. To yaran unguwanninmu na cikin fili, wa kake so mu bi?

Mu biyar muka haɗa kuɗi muka hau jirgi daga Ankara, wadda kuke rubutawa Accra. Ranar 29 ga wata muna cikin filin Moshood Abiola, ko'ina kore da fari, mu ɗan tsiraru a gefe guda. Ba a daɗe da take leda ba Thomas Partey ya sheƙa wata daga nesa ta sulale ƙarƙashin Uzoho, mai tsaron gidan Najeriya. Na yi tsalle har hulata ta faɗi. Troost-Ekong ya farke da fanareti, aka tashi 1-1, ƙwallon da muka ci a waje ta kai mu Katar. Abin da ya biyo baya ka gani a talabijin, mutane sun ɓalle cikin fili, hayaƙi mai sa hawaye ya cika wuri. Ni dai jallabiya na zura a kan rigata.

Batun aure da ka taɓo, gaskiya ne, mahaifiyata Ba'asantiya ce, ta musulunta kafin a ɗaura. Su Asante ta wajen uwa suke lissafin dangi, mu ta wajen uba, don haka kowane gida nasa yake ɗaukata. Ban ga asara a nan ba. Hausarmu ma na san dariya take ba ku, don mukan ce wa mace "ya zo", mu kuma surka da Twi, harshen Asante. Amma da ita liman yake fassara huɗuba, da ita aka raɗa wa 'ya'yana suna.

Kakan babana fataucin goro ya kawo shi Gonja, a arewacin Gana, daga ƙasar Kano, da garin Salaga ya rikice a 1892 ya gangaro kudu. A 1969 gwamnatin Busia ta ce baƙi marasa takarda su fita, aka loda ƙannen babana biyu a mota zuwa Najeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1983, zamanin Shagari, aka ce su Ganawa ne, ɗaya ya sake ɗaure kaya ya dawo. Har ya rasu, in ana wasan ƙasashen nan biyu rediyonsa yake kashewa.

A daren nan da ƙyar muka sami tasi. Direban dattijo ne, ransa a ɓace, yana ta faɗa da 'yan wasan Najeriya shi kaɗai. Na ce masa, "Baba, a yi haƙuri." Ya dube ni ta madubi ya ce, "Wannan Hausar ta ina ce?" Na ce ta Kumasi. Ya yi shiru, can ya ce wan mahaifinsa ya tafi can tun yana yaro, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya faɗa mini sunan, ya ce in tambaya masa a zango. Na tambayi dattawa a masallatai uku, har yanzu ban dace ba.