Tambaya da Amsa: Waya ta tsayar mini da keken ɗinki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Ni tela ne a Kasuwar Barci, shekarata 29, ina da mata da 'ya ɗaya. Damuwata waya. Zan ɗauka in duba samfurin da kwastoma ta turo a WhatsApp, kafin in ankara na cinye awa guda a TikTok, keke na tsaye. A Sallar da ta wuce kaya bakwai na kasa haɗawa, har wata da nake wa ɗinki shekara biyar ta zo ta kwashe atamfofinta. Da dare kuma sai ƙarfe biyu nake ajiye wayar, Asuba ta wuce ni. Maiɗakina ta ce na yi mata kishiya. Ina so in sayar in koma ƙaramar waya mai madannai, amma cinikina duk a WhatsApp yake. Ina mafita?
Daga wani tela, Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar. Telan da ba a iya turo masa hoton ɗinki a zamanin nan ya rufe rabin shagonsa. Amma ƙaramar wayar nan ka saye ta, domin shawarata ka raba musu aiki.

Kafin in zo nan, ka daina ganin kamar kai kaɗai ne mai rauni. Salon nan na jan allo sama ba tare da an kai ƙarshe ba, wani Ba'amurke ne, Aza Raskin, ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Jarida tana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da sallama. TikTok ba shi da inda zai ce maka "sai gobe". Bidiyo biyar marasa daɗi, na shida ya ba ka dariya, sai ka ci gaba da neman na gaba. Kamfanonin kuma da lokacinka suke cin abinci, don da shi suke sayar da talla. Niyya kaɗai ba ta isa ba muddin abin yana cikin aljihunka.

Ga yadda na yi, yau kusan shekara biyu. Na sayi ƙaramar Nokia 105, irin wadda yara ke kira "raka ni kashi" (za su tsokane ka, sati guda su gaji). Ko itel ko Tecno mai madannai duk za su yi. Na cire layina da kowa ya sani na sa a ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne WhatsApp ba ya mutuwa don ka cire layin. Yana nan da lambarka muddin babbar wayar tana samun intanet. Sai ka je da NIN ɗinka ka yi rajistar wani layin na data kawai, ka sa a babbar.

Daga nan babbar waya ta zama kayan aiki, kamar almakashi da dutsen guga. Ka taɓa kwana da almakashi a ƙarƙashin filo? Wurinta durowar keke. Ka ware mata lokaci uku: da ka buɗe shago, bayan Azahar, da kafin ka tashi. Ka goge TikTok daga cikinta, in kuwa kana tallar ɗinki a can, ka ba yaron shagonka ya riƙa ɗorawa. Samfurin da aka turo, ka zana shi a littafin awo tare da sunan mai kaya tun a zaman farko, don kada ka riƙa komawa wayar kowane minti goma. Nan ne ɓarakar take shigo maka, a wasiƙarka ma ka faɗa.

Batun kuɗi ba matsala. Alat na banki ta saƙon tes yake zuwa, zai same ka a ƙaramar. Tura kuɗi da duba asusu kuwa akwai lambobi: *737# na GTBank, *894# na First Bank, *966# na Zenith, *919# na UBA. Ana cire kusan naira 7 a kowane amfani. Amma ina roƙonka, ka sa wa layin kansa lambar sirri. Ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a garin nan, kuma ɓarawo kan yi harin layin ma, ba wayar kaɗai ba.

Dare shi ne ya fi damuna, saboda maganar maiɗakinka ba wasa take yi ba. In shagon yana da tsaro, babbar ta kwana can. In babu, ka miƙa wa maiɗakin da zarar ka shiga gida, ta ajiye har safe. Ƙaramar tana da ƙararrawar tashi, tana da tocila, tana kama rediyo, caji ɗaya kuma ya kai ka kwanaki ko da ba a kawo wuta ba. In a waya kake karatun Alƙur'ani, ka koma Mus'hafi.

Kwana ukun farko da wuya. Ni hannuna ya yi ta lalubar jaka a cikin Keke Napep daga Kawo har Kasuwa, raina a ɓace ba dalili. Wajen kwana na goma na lura na dawo jin hirar jikokina tun daga farko har ƙarshe.

Kafin ka fara, shiga saitin wayarka ka nemi Digital Wellbeing, wurin da ke nuna lokacin da kake yi a kan waya, ka rubuta awannin da ta nuna na wannan makon a bangon littafin awo. Ka sanar da kwastomomi lokutan da kake duba WhatsApp, mai gaggawa ta kira. Ita kuma wadda ta kwashe atamfofinta, da ƙafarka za ka je ka ba ta haƙuri, ba ta waya ba. Bayan wata guda ka sake rubuto mini, ka faɗa mini awannin da kuma kaya nawa ka haɗa.