Tambayi Bakanike: Babur ɗin Baba sai da cok yake tashi

TAMBAYA: Salamu alaikum oga, don Allah a taimaka min. Babur ne na gada wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, Honda CG125 ƙirar 1978, ya fi shekara biyu a jingine da mai a tankinsa. Na zuba sabon mai na sa sabon fulogi, yana tashi amma sai na ja cok, ina sakin cok ɗin sai ya mutu, kuma in na samu ya ɗau hanya ba ya wuce minti goma sai ya fara shaƙewa ya tsaya, in na ɗan jira ya sake tashi kamar ba shi ba. Wani ya ce in sayi sabuwar kafireta kawai in huta.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa kar ka yi saurin sayen komai, kafireta ta asalin nan da ke jikinsa in an wanke ta da kyau ni na fi yarda da ita. Kuma a yadda ka yi bayani ciwo biyu ne ke damun babur ɗin nan ba ɗaya ba.

Maganar cok tukuna. Fetur in ya daɗe a ajiye ƙafewa yake ya bar wani danƙo ja-ja mai warin tsohon fenti a kofin ƙasan kafireta, kuma wanda yake fara toshewa shi ne ƙaramin jet na silo, wato ɗan sukuru mai rami da mai ke bi in injin na aiki ba a murza totur ba, don raminsa bai kai kaurin allura ba. To ka ga man da ke wucewa ya yi kaɗan iska ta yi yawa, shi kuma cok aikinsa rage iska, shi ya sa da ka sake shi injin ke mutuwa. Ka rufe famfon mai, ka kwance kofin, ka ciro jet ɗin duka biyu, babba da ƙarami, ka jiƙa su a ruwan wankin kafireta ka hura musu iska, sai ka ɗaga ƙaramin ka leƙa saitin rana, in ba ka ga haske zagayayye tas ba da saura. Amma don Allah ban da zura allura ko waya ta ƙarfe, jet tagulla ce mai laushi, ramin na faɗaɗa shi ke nan ka koma fama da shan mai da baƙin hayaƙi. Sukurun daidaita iska da ke jikin kafireta kuwa kafin ka cire shi ka ɗaure shi a hankali kana ƙirga juyi nawa ya yi, ka mayar haka, galibi wajen juyi ɗaya da rabi ne.

Tsayawar da yake a hanya kuma ina zargin ba ma kafiretar ba ce. Murfin tanki yana da ɗan rami na shan iska, in tsatsa ta like shi mai ba ya sauka. In ya sake tsayawa ka buɗe murfin nan take, in ka ji ya yi fuuu kuma babur ya tashi, to ka kama ɓarawonka. In ba haka ba ka zare tiyon mai ka sa a kwalba ka buɗe famfo, ya kamata ya zubo shaa ba ɗigo-ɗigo ba, in yana ɗigo ka wanke 'yar ragar famfon, ka haska cikin tankin ma don shekara biyu a ajiye da wuya ka rasa tsatsa, in ka bar ta gobe ma jet ɗin zai sake toshewa. Duk wannan aikin a fili za ka yi shi, nesa da wuta da sigari.

In ka gama ka ɗan zaga da shi ka ciro fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, in kuma fari fat ne ka duba robar da ta haɗa kafireta da injin, irin shekarunta ba mamaki ta tsage tana jan iska.