Wai dariyar jaririya ce ta jawo miki walima

Toh 'yar nan na karanta saƙonki sau biyu, na farko na yi dariya, na biyu jikina ya ɗan yi sanyi. Wai jaririyar maƙwabciyarki a garin Chinle na jihar Arizona a Amurka ta yi dariyarta ta farko a hannunki, yanzu dangi sun ce ke za ki yi walima, shi ne kike tambaya ko ki tura musu dala ɗari ta waya ki huta. Haba ke kuwa.

Ba tsokanarki suke ba, haka al'adar Diné take, sunan da ƙabilar Navajo, 'yan asalin ƙasar Amurka, ke kiran kansu kenan. Duk wanda ya fara sa jariri dariya shi ke ciyar da jama'a, shi ya sa da yaro ya doshi wata uku za ki ji ana tambaya ya yi dariya kuwa, kafin a ɗauke shi.

Ni da idona na gani. Lokacin da marigayi Malam ke karatu a garin Flagstaff, shi ma a Arizona, a shekarun 1980 wani abokinsa ya kai mu gidansu can bayan Chinle, tafiyar kusan awa uku, ƙarshenta jar ƙasa ce da ƙura. Gidan kakar ne, don su yaro dangin uwa yake bi, tumakin ma nata ne. Ɗakinta suna ce masa hogan, kewayayye ne na gungumen icce da laka, ƙofa na kallon gabas, murhu a tsakiya. Ruwan sha ma a duro suka ɗauko shi a bayan a-kori-kura. Malam ya roƙa a bar shi ya yanka tunkiyar da hannunsa suka yarda ba musu, matan suka feɗe ta nan da nan, wallahi ba su zubar da komai ba, har hanji sai da suka naɗe shi a kitse suka gasa. Ni aka miƙo min kwaɓin fulawa in dinga faɗaɗa shi a tafin hannu ana soyawa, nawa duk a karkace yake fitowa. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, sai ta turo baki ta nuna min kasko, sak yadda Inna ke nuna abu da leɓe, sai da na ji ƙwalla.

Da abinci ya nuna aka zaunar da uwar da jariri a cinya, kwando a gefe. Kowa ya bi layi da kwanonsa, uwar ta kama hannun yaron ta sa masa ƙwayar gishiri ya miƙo maka, a haɗa da alewa. Hannun nan bai fi yatsuna biyu ba, ga ɗumi. Suka ce don ya tashi da sakin hannu ne kar ya zama marowaci. Nan na tuna Inna tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita ma haka take sa mu kai wa almajiri tuwo da hannunmu tun ba mu iya riƙe kwano ba.

Kuma takan ce zumunta a ƙafa take. Ku yanzu ko sunan ɗan ƙanwarku ne sai dai a ji alat, ba a ga fuska ba, abin nan na damuna sosai. Mutanen nan ba kuɗinki suke nema ba, sun sa ki a cikinsu ne ke baƙuwa.

In sun shiga addu'arsu ki koma gefe da ladabi, abin da na yi kenan. Ki je wurin kakar yarinyar da kanki ki gaishe ta da yá'át'ééh, kar ki ƙura mata ido, kar kuma ki cika ta da surutu, ki zauna har ta yi magana, ita za ta faɗa miki mutum nawa za su zo. Yajin da na aiko miki yana nan ko ya ƙare? Ni gishirin da jaririn nan ya miƙo min a bakin zani na ƙulle shi, har Zariya na zo da shi.