Ma'anar kalmar "plunge" da yadda ake amfani da ita

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da kalmar "plunge" a labaran Turanci, wani lokaci a kan motar da ta faɗa kogi, wani lokaci a kan farashin mai, har na taɓa ganin an ce wani zai yi "take the plunge" alhali aure ake nufi. Shin kalma ɗaya ce, kuma me ya bambanta ta da "dive" da "fall"?

Amsa: Kalma ɗaya ce, kuma idan ka san asalinta za ka ga abin da ya haɗa ma'anonin nan. Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, tushenta kuwa kalmar Latin ce "plumbum", wato dalma, ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗaura wa igiya a saka cikin ruwa don auna zurfinsa. Daga tushen nan ne "plumber", wato mai gyaran famfo, ta fito, domin da dalma Rumawa suke yin bututun ruwa. To ka riƙe hoton dalmar da aka saki a ruwa: tana tafiya ƙasa da sauri, da nauyi, ba ta tsayawa a hanya. Duk inda ka ga "plunge", wannan saurin da wannan zurfin suna nan.

Ma'anar farko ita ce tsunduma ko faɗawa. Idan aka ce "He plunged into the river", ya tsunduma cikin kogi ke nan, idan kuma mota ce ta kuɓuce daga gada, sai mu ce ta rikito ta faɗa ruwa. Daga nan 'yan jarida suka ɗauke ta zuwa lissafi, inda take nufin faɗuwa mai yawa cikin ɗan lokaci, ko ta farashi, ko ta darajar kuɗi, ko ta ma'aunin zafi. A ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin hannayen jari na Dow Jones a Amurka ya rasa fiye da kashi 22 cikin 100 a yini guda, kuma irin wannan faɗuwar warwas ita ce ta cancanci kalmar. Wanda ya yi amfani da ita a kan ragin kashi ɗaya ko biyu ya yi zuzutawa, kuma masu rubuta kanun labarai suna yawan yin haka don jan hankali.

Inda na fi ganin masu fassara suna tuntuɓe shi ne lokacin da kalmar ta zo a matsayin aikatau so-karɓau, wato wani ne ya yi aikin a kan wani abu. A nan "faɗi" ba ta da gurbi sam, abin da aka yi aikin da shi ne zai zaɓa maka kalmar Hausa. Idan hannu ne cikin ruwa, tsoma shi aka yi ko tsunduma shi. Idan wuƙa ce, luma ta aka yi ko caka ta. Idan kuma ƙasa ce da yaƙi, kamar "plunged the country into war", jefa ƙasar aka yi cikin yaƙi, haka nan ɗaukewar wuta takan jefa gari cikin duhu. Ka lura cewa "into" ce ke biyo ta a irin waɗannan jimloli, kuma abin da ake jefa mutane ciki kusan kullum masifa ce: bashi, rikici, baƙin ciki.

Game da bambancin da ka tambaya, "fall" faɗuwa ce kawai, ba ta nuna sauri ko ƙarfi, shi ya sa ganyen bishiya ma yana yin ta. "Dive" kuwa yawanci da gangan ake yi, kai a gaba, kamar yadda gwanin ninƙaya ke shiga ruwa ko mai nutso ke gangarawa ƙarƙashin teku. "Plunge" tana ɗaukar ganganci da tsautsayi duka biyu. Akwai 'yar'uwarta "plummet", daga tushe ɗaya, wadda ke nufin rikitowa kai tsaye daga sama, amma ita ba ta karɓar karɓau, don haka ba za a luma wuƙa da ita ba.

"Take the plunge" kuma karin magana ne, ana faɗinsa ga wanda ya daɗe yana jan ƙafa a kan babban al'amari, sannan ya rufe ido ya yi ƙundunbala ya shiga, kamar mai tsaye a bakin ruwan sanyi da ya gaji da taɓawa da yatsa. Aure ne aka fi danganta shi da shi, amma ana faɗinsa ga barin aiki don fara sana'a ko sayen gida. Wajen rubutu, shuɗaɗɗen lokacin "plunge" shi ne "plunged", kuma harafin "e" yana faɗuwa a "plunging".